Likita, wa zai iya ajiye motsa jiki in ya tafi hutu, wa kuma bai kamata ba?

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na gidan rediyo. Mu ne masu horar da wani rukunin 'yan motsa jikin safe a nan Kano, ma'aikata da 'yan kasuwa, tun daga ɗan shekara 25 har dattijon da ya haura 60. Hutun ƙarshen shekara ya matso. Wasu za su gida ganin dangi, wasu Umara, wasu za su kwashi iyali zuwa Yankari ko Jos, kuma kowa tambayarsa ɗaya: in na tafi, in ajiye atisaye gaba ɗaya ko in ci gaba? A kan mai cikakkiyar lafiya bakinmu ya zo ɗaya. A kan masu ciwon suga da hawan jini da dattawa ne muka rabu. Ga abin da muke gaya wa mutanenmu, in da gyara ka gyara mana a cikin shiri kowa ya ji.

Mai lafiya in ya huta mako guda cur, babu wani abin a zo a gani da zai rasa. Wanda ya jera wata uku ko huɗu yana gudu ko ɗaga ƙarfe ba fashi, hutun ma riba ne gare shi, domin gwiwa da agara da kafaɗar da suka fara ƙorafi za su sami sararin warkewa. In hutun ya yi tsawo, numfashi ne ke fara tafiya. Cikin 'yan kwanaki ruwan da ke cikin jini yana raguwa, zuciya ta riƙa tura jini kaɗan a kowane bugu, sai ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Shi ya sa mutum zai dawo bayan mako biyu ko uku ya tarar gudun da ya saba yi yana hira yanzu haki yake sa shi. Ƙarfin tsoka ya fi daɗewa, yakan kai mako uku bai ragu sosai ba. Damtsen da mutum ke gani a madubi kamar ya sace kuwa, yawanci ruwa ne ya fita. Tsoka tana ajiye suga don aiki, kowane giram ɗaya na riƙe da ruwa wajen giram uku, in aka daina horo ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta. Maganar da ake yi a majalisa wai tsoka tana komawa kitse ba ta da tushe, tsoka daban, kitse daban.

Sikeli ma yana tsorata mutane a banza. Kafin kilo ɗaya na kitse ya taru, sai an ci kalori wajen 7,700 sama da abin da jiki ke ƙonawa. Wanda ya ga ƙarin kilo biyu bayan kwana biyar na biki, mafi yawansa gishirin soyayyen nama ne ya riƙe ruwa, da abincin da bai gama wucewa ba.

In hutun zai wuce mako biyu, muna cewa a rage yawa, kada a rage zafi. Sau biyu a mako, minti 20 zuwa 30, ya isa ya riƙe yawancin abin da aka gina. Mai gudu ya ɗumama jiki minti biyar, sannan ya yi minti ɗaya da sauri, minti biyu tafiya, sau shida zuwa takwas. Mai ɗaga ƙarfe ba sai ya nemi gidan atisaye ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 10 ko jakar goyo da aka cika da robobin ruwa ta zama ƙarfensa. Ya rungume ta ya tsugunna ya tashi sau 12 zuwa 15, ya kife a ƙasa ya ɗaga jiki da hannuwa har ya ji saura biyu ya gaza, ya sunkuya baya a miƙe ya jawo jarkar zuwa ƙugu, ya maimaita zagayen sau uku. Matan da za su sauka gidan surukai, inda fita gudu zai jawo surutu, duk wannan suna iya yi a ɗaki a kan tabarma.

Ɓarnar da muke gani kusan duk a ranar dawowa take aukuwa. Mutum ya ji haushin kansa, ya ce yau sai ya rama kwanakin da ya yi asara, garin neman ƙiba ya samo rama. Zuciyarsa tana tuna nauyin da ya bari, jijiyoyi da gaɓoɓi kuwa sun saki, kuma su ne suka fi jinkirin sabawa. Dokarmu ita ce makon farko rabin nisa ko rabin zagaye, nauyin ƙarfe kuma kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wanda aka bari. Mako na biyu kashi uku cikin huɗu na nisan ko zagayen, na uku a koma daidai. Tsamin jiki da ke tsananta a rana ta biyu ko ta uku ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne cinya ta kumbura ta yi tauri, ƙafa ta kasa ɗaukar mutum, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wannan alama ce tsoka ta farfashe, abin da ke cikinta ya zuba a jini yana toshe ƙoda. Asibiti ake zuwa a ranar, kuma ba a shan diclofenac ko ibuprofen, don ƙara wa ƙoda wahala suke yi. Zafin rana da ƙarancin shan ruwa suna ƙara haɗarin, haka ma jinin AS, wato gadon sikila daga ɓangare ɗaya, in aka matsa wa jiki fiye da kima. Wanda ya kwaso zazzaɓin cizon sauro a tafiyarsa ba ma barinsa ya shigo fili sai ya gama magani zazzaɓin ya sauka. Wanda kuma ya sauka daga doguwar tafiyar mota ko jirgi, zaman da ya wuce awa huɗu, ya ga sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo da ɗumi, kada a kai shi wajen mai tausa, wataƙila jini ne ya daskare a jijiya.

To Likita, ga inda muka kasa daidaitawa. Mai ciwon suga, amfanin atisaye ɗaya a jikinsa ba ya wuce awa 24 zuwa 72, shi ya sa ake cewa kada ya jera fiye da kwana biyu bai motsa ba. Wasunmu sun tsaya a nan, suka ce shi ba shi da hutun mako guda irin na kowa, balle ga tuwo da lemo da alkaki a gidan biki. Wasunmu kuma suna duban ɗaya gefen. A ƙauye lokacin cin abinci yana sauyawa, tsinken gwaji yana ƙarewa, asibiti da nisa. Wanda ke allurar insulin ko yake shan ƙwayar rage suga ta glibenclamide, in ya fita tattaki bai karya ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a awon mg/dL, ya kama rawar jiki da gumi, ya faɗi inda ba wanda ya san ciwonsa. A ganinsu gara suga ta ɗan hau na kwana goma da a ɗauko mutum a sume. Matsakaicin da muka tsara shi ne tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci, da dabino uku ko ƙwayoyin suga a aljihu, ɗan rakiya kuma ya san abin da zai yi. Wannan ya wadatar? Kuma in an gwada kafin fita, daga wace lamba zuwa wace lamba za mu ce ya zauna?

Mai zuwa Umara lamarinsa ya sha bamban, domin shi aiki ne zai ƙaru masa. Ɗawafi zagaye bakwai, Safa da Marwa sama da kilomita uku, ga zirga-zirga daga masauki zuwa Harami kullum. Shi muna ce masa ya manta da atisaye. Tsoronmu suga ta faɗi saboda yawan tafiya, da kuma ƙafar da ta fara mutuwar ji, wadda za ta yi bororo mai ita bai sani ba. Shin ya kamata ya ga likitansa a duba yawan maganinsa kafin ya tashi? Mu dai ba ma taɓa maganar magani, ba huruminmu ba ne.

Hawan jini ma haka. Motsa jiki a kai a kai yana sauke lambar sama da kamar 5 zuwa 8, in an daina kuma cikin mako ɗaya ko biyu ta fara komawa inda take. Matsalar ita ce akwai masu rage ƙwayarsu da kansu don sun ga awo ya yi kyau, sai su tafi hutu babu atisaye, babu cikakken magani, ga nama da gishiri. Muna roƙo ka ja kunnensu da bakinka, sun fi jin taka. Sannan muna hana duk wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 shiga fili. Wannan iyaka ta yi, ko mu sauko da ita ga wanda ya dawo daga hutu a sanyin hunturu, tunda sanyi yana matse jijiyoyin jini?

Sai dattawa. Su tsokarsu ta fi saurin zubewa kuma ta fi wuyar dawowa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce 'yan shekara 65 zuwa sama su riƙa atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako don kauce wa faɗuwa. Muna ba su tashi daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, da tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 20 kusa da bango. Dattijon da zai yi wata guda a garinsu, za mu bar shi da wannan kaɗai, ko dole mu haɗa masa da tattakin minti 30 ko da gwiwa tana damunsa?

Muna fatan za ka samu damar amsawa kafin mutane su fara kama hanya. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Masu horar da 'yan motsa jikin safe, Kano