Idan foldar tarayya ta sandare: wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Barkanku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyali da ma'aikata. Wannan wasiƙa taku ce ku da ofisoshinku ke ajiye fayiloli a sabar guda, wato kwamfutar da ke raba wa sauran, sauran kwamfutocin Linux kuma suna ɗibar su ta hanyar NFS, tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Roƙonmu guda ne kafin komai: ranar da foldar tarayya, wato wadda kowa ke buɗewa daga sabar, ta tsaya cak, kada wanda ya danne maɓallin kashe kwamfuta, kada kuma wanda ya taɓa saitin da aka ɗaura foldar da shi, wato aka haɗa ta da kwamfutar. Yawancin fayilolin da ke lalacewa a irin wannan rana hannun mai gaggawar gyara ne ke lalata su.

Kamfanin Sun Microsystems ne ya ƙirƙiro NFS a 1984, kuma har yau tushen aikinsa bai sauya ba. Kwamfutar ma'aikaci ba ta riƙe da fayil ɗin. Abin da ke hannunta wata lambar shaida ce da sabar ta ba ta, kamar 'yar takardar da mai ajiyar babura ke miƙa wa mutum a bakin kasuwa. Duk karatu ko rubutu sai ta nuna lambar, sabar ta amsa. Saboda haka matsalar tsayawar folda ba ta wuce wuri uku: ko hanya ta yanke, ko sabar ba ta amsawa, ko lambar ta daina nuna komai. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanne ne kafin ya taɓa wani abu.

Mu fara da sandarewa, domin ita ce ta fi tayar da hankali. An buɗe folda, taga ta ƙame, an buga `ls` ko `df` shi ma ya maƙale. A buɗe wata tagar umarni a buga `dmesg | tail`. Idan aka ga layi mai cewa `server not responding, still trying`, to kwamfutar lafiyarta ƙalau, jira take yi. Mun ɗaura foldojinku da zaɓin `hard`, wanda ma'anarsa ita ce kwamfuta za ta riƙe abin da ake rubutawa ta yi ta neman sabar har ta dawo. Saitin `timeo=600` na nufin sakan 60 ake jira kafin a sake aikawa, domin da kashi ɗaya cikin goma na sakan ake ƙidaya shi. Da zarar sabar ta dawo za a ga layin da ya ƙare da `OK`, aiki kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba abin da ya ɓace. A lokacin jiran, `top` zai nuna nauyin aiki ya yi sama alhali kwamfutar ba ta aikin komai. Manhajojin da ke jira ne ake ƙidayawa, masu alamar `D`, kada hakan ya ruɗe ku. Idan dole sai an tsayar da wata manhaja, `kill -9` ne ke aiki, kuma abin da ba a ajiye ba ya tafi. Tsohon zaɓin nan `intr` na katse jira da ake gani a littattafai Linux ta daina kula shi tun fitowar 2.6.25.

Za ku ci karo da masu cewa a mayar da `hard` zuwa `soft` a huta. Muna roƙonku kada ku yi. Da `soft`, idan aka gwada iya adadin da aka ƙayyade sabar ba ta amsa ba, sai kwamfuta ta haƙura ta ce wa manhaja an samu kuskure. Manhajoji da yawa ba sa duba wannan amsa yadda ya kamata. Ma'aikaci zai ga kamar ya ajiye lissafin wata, sai bayan mako a buɗe a tarar da rabin fayil. Sandarewar minti biyar da kowa ya gani da idonsa ta fi mana ɓarnar da ba wanda ya san ranar da ta auku. Inda kawai muke yarda da `soft` shi ne foldar da ake karantawa ba a rubutu a cikinta.

Ɗauke wuta shi ne babban sanadi a wurinmu, don haka za mu daɗe a kai. Idan sabar ta mutu ta tashi, NFS na huɗu, wato fitowarsa ta huɗu, ba ya buɗe ƙofa nan take. Yakan ba da wa'adi har na sakan 90 domin kwamfutocin da ke riƙe da fayiloli a buɗe ko a kulle su karɓi abinsu tukuna. A cikin wannan wa'adi ba mai iya buɗe sabon fayil. Mutane da yawa a daidai nan suke yanke hukuncin cewa sabar ba ta tashi daidai ba, su sake kashe ta, ƙidayar ta koma farko. Ku duba agogo, ku ba ta minti uku cikakku bayan fitilunta sun daidaita. Idan komai ne ya mutu, tsarin kunnawa shi ne suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci, da fari, sannan sabar, sannan kwamfutocin ma'aikata. A kuma tabbata suwic ɗin yana kan UPS ɗaya da sabar, domin ba amfanin sabar mai rai idan hanyar zuwa gare ta ta mutu a 'yan sakannin da ake sauyawa zuwa janareta. Wani abu da ke tafiya da wannan: a fayil ɗin `/etc/exports`, inda sabar ke jera foldojin da take rabawa, mun rubuta `sync`. Wanda ya mayar da shi `async` zai ga rubutu ya ƙara sauri, amma sabar za ta riƙa cewa ta ajiye alhali bayanin bai kai faifai ba. Wuta na ɗaukewa, shi ke nan.

Idan minti uku sun wuce shiru, a bi hanya daga ƙasa. A buga `ping` da lambar adireshin sabar, ba da sunanta ba, domin idan lamba ta amsa suna bai amsa ba, matsalar ta DNS ce, tsarin da ke juya suna zuwa lamba. Sai a gwada ƙofa (port), wato lambar da sabar ke sauraro a kai, da `nc -zv` da adireshin da 2049. NFS na huɗu wannan ƙofa guda kawai yake buƙata. Na uku, wanda ya fito a 1995, yana buƙatar 111 ma, da wasu ƙofofin na `mountd` da `statd` da `lockd` waɗanda lambobinsu kan sauya duk tashi idan ba a kafe su ba. Shi ya sa katangar tsaro (firewall) kan bar na uku ya wuce yau ta tare shi gobe, kuma `rpcinfo -p` zai nuna lambobin da ake kai. A kan sabar kuwa, `systemctl status nfs-server` da `exportfs -v` su ne za su faɗa ko tana aiki da kuma abin da take rabawa.

Saƙon `Stale file handle` wani ciwo ne daban. Nan sabar tana amsawa, amma ta ce lambar da aka nuna ba ta san ta ba. Mafi sauƙin dalili shi ne wani ya goge fayil ɗin ko ya maye gurbinsa daga wata kwamfuta alhali wannan tana riƙe da shi. A fita daga foldar a sake shiga, sau da yawa ya isa. Idan foldar gaba ɗaya ce ta ƙi, a rufe manhajojin da ke cikinta, a sauke ta da `umount -f`, in ya ƙi a yi `umount -l`, sannan a sake ɗaurawa. Amma kafin a sake ɗaurawa a leƙa sabar da `findmnt`, saboda akwai tarko a nan. Wani lokaci sabar takan riga faifan ajiya tashi, sai ta raba foldar da babu komai a cikinta, wato gurbin da faifan zai zauna. Ma'aikata su ga fayiloli sun ɓace, wasu ma su fara ajiye sababbi a wannan gurbi, waɗanda za su ɓuya a ƙarƙashi da zarar faifan gaskiya ya hau. Maganinsa kalma ɗaya ce a `/etc/exports`, wato `mountpoint`, wadda ke hana a raba folda sai faifanta ya hau. Idan aka sauya faifai ko aka kwashe bayanai zuwa sabo, lambobin shaida duk sun sauya, dole kowace kwamfuta ta sauke ta sake ɗaurawa.

Sai `Permission denied`. NFS ba ruwansa da sunan mutum, lamba yake gani. Idan ma'aikaciya lambarta 1001 ce a kwamfutarta, a sabar kuma 1001 ta wani ce, to fayilolin wancan za ta mallaka, nata su ƙi buɗuwa. A buga `id` a ɓangarorin biyu a gwada, a kuma duba `ls -ln`. Babban mai izini (`root`) na kwamfutar ma'aikaci ba shi da iko a sabar, domin `root_squash` na mayar da shi `nobody`, mai lamba 65534. Da gangan aka yi haka, kada a cire. Akwai kuma iyakar da ke wahalar da mutane ƙwarai: tsarin shaida na `sec=sys` rukuni 16 kawai yake ɗauka. Wanda aka sa a rukuni na 17 zai ga sunansa a ciki amma folda ta ƙi shi. Ana gyara wannan a sabar da `manage-gids=y` a sashen `mountd` na `/etc/nfs.conf`. Masu amfani da tsarin shaida na Kerberos su fara duba agogo, domin saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da sabar ya isa a ƙi karɓar shaida. Ƙaramin batirin nan CR2032 na cikin kwamfuta idan ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya.

Ga masu gyara `/etc/exports` da kansu, a lura da tazara. Bai kamata a bar ko gurbi ɗaya tsakanin adireshi da alamar baka `(` da ke ɗauke da zaɓuɓɓuka ba. Idan aka bari, waɗanda kuka nufa za su samu izinin karatu kaɗai, izinin rubutun kuma ya tafi ga duk wanda ya iya kaiwa ga sabar. Bayan kowane gyara a buga `exportfs -ra`.

Jinkiri kuwa yawanci a waya yake. `ethtool` zai faɗi gudun layi. Idan ya ce 100 maimakon 1000, a sauya kebul kafin a zargi sabar: layin gigabit yana buƙatar wayoyi takwas ɗin nan duka, ɗaya ta karye sai ya sauka zuwa 100, kwafi ya faɗo daga kusan megabait 110 a sakan zuwa kusan 11. Kebul ɗin kuma kada ya wuce mita 100. Idan ƙananan fayiloli suna buɗuwa amma babba na maƙalewa a tsakiya, a zargi girman ƙunshin saƙo: wani ya sa MTU, wato iyakar girman ƙunshin, 9000 a sabar, suwic kuma yana kan 1500. Umarnin `ping -M do -s 8972` zai tona asirin nan take. Idan kuma da safe ne kawai ake jan ƙafa, lokacin da kowa ya shigo, a duba `/proc/fs/nfsd/threads`, mai nuna buƙatu nawa sabar ke iya amsawa lokaci guda. A tsare-tsaren Linux da yawa 8 ne ke ciki, kuma ofis mai kwamfuta talatin zai fi jin daɗin 32.

Abubuwa biyu ba matsala ba ne. Fayil ɗin da aka ajiye a wata kwamfuta yana iya ɗaukar har sakan 60 kafin ya bayyana a wata, domin kowacce tana riƙe bayanin folda na sakan 30 zuwa 60 don rage zirga-zirga. Fayilolin nan masu farawa da `.nfs` da dogayen lambobi kuma alama ce ta an goge fayil alhali wata manhaja na amfani da shi. A nemo ta da `lsof` a rufe, zai tafi da kansa.

Wanda ya kwafi faifan kwamfuta ɗaya ya girka wasu da shi, ya sauya wa kowacce suna kafin ta hau layi. NFS na huɗu da sunan kwamfuta yake gane ta, kuma biyu masu suna ɗaya za su yi ta ture juna a wurin sabar, kullen fayiloli yana ɓacewa ba dalilin da ake gani.

Idan kun bi wannan duka abin bai warware ba, ku kira mu kwamfutar tana nan a kunne yadda take. Ku turo mana layuka talatin na ƙarshen `dmesg`, da layin foldar a `/proc/mounts`, da sakamakon `nfsstat -c` daga kwamfutar da ke da matsala, da na `exportfs -v` da `df -h` da `df -i` daga sabar. Ku faɗa mana ƙarfe nawa abin ya fara, kwamfuta nawa ya shafa, da ko an ɗauke wuta ko an taɓa wata waya a ranar. Hoton allo da wayar hannu ya wadatar, muddin rubutun yana karantuwa.

Allah ya ƙara albarka a kasuwa, ya bar zumunci.

Wassalam,
Ma'aikatan sashen kula da abokan ciniki