Shekara biyar da rasuwarta, na kasa sakin mukullin ɗakinta

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Kullum ina sauraron shirinka bayan sallar isha'i, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shiga layin masu rubuto maka ba. Da hannuna na rubuta wannan, don ba magana ce da zan sa jika ya rubuta min ba. Ina roƙon a sakaya sunana.

Ni dattijo ne, shekarata saba'in da ɗaya, haifaffen cikin Birni. Atamfa na sayar a Kantin Kwari har ƙafa ta gaza, na bar wa yara shagon. An ɗaura mana aure da uwar 'ya'yana a 1979, shekarar da Rimi ya hau gwamna. Haɗin iyaye ne, 'yar ƙanwar mahaifina ce, ban taɓa zuwa zance wurinta ba. Muka yi shekara arba'in da ɗaya tare, Allah ya ba mu 'ya'ya bakwai, shida na raye. Ta rasu a watan Afrilun 2020, ana gab da kama azumi, lokacin kullen korona da aka yi ta rasa dattawa a Kano. Kwana uku ta yi tana zazzaɓi. Muka kai ta maƙabartar Dandolo, mu da ba mu fi sahu biyu ba, matar da in ana biki a dangi ita ce kan gaba.

Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun daren sadakar bakwai na kulle ɗakinta, mukullin yana aljihun 'yar cikina har yau. Duk Juma'a bayan asuba, kafin gida ya tashi, nakan buɗe in shiga in share, in zauna a bakin gado. Samirunta da kwallaye suna jere a cikin sif kamar yadda ta bar su. Carbinta na rataye a ƙusa, tabaranta na kan Alƙur'ani. In na ɗaga murfin adaka har yanzu ƙamshin turaren wutarta yana tasowa, sai dai yana ta raguwa, shi ya sa ma na rage buɗewa. A ƙasan adakar na tarar da turame goma sha ɗaya cikin waɗanda nake kawo mata da sallah, ko yanka su ba ta yi ba. Na daɗe ina tambayar kaina, ajiya ta yi wa jikoki, ko kuwa zaɓina ne bai yi mata ba ta yi shiru? Halinta ne, za ta iya.

Mu mutanen da ba mu saba faɗin abin da ke zuci ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma haka, "Alhaji" ne har ta koma ga Allah. Kalmar so kuwa, wallahi ba ta taɓa fita daga bakina ba, a lokacin gani nake yi zubar da girma ne. Cefane ban gaza ba, na kai ta Makka, amma na gode ma ban cika ce mata ba. Yanzu ina ganin jikokina suna ta zuba wa matansu kalamai a waya, in yi tsaki, can kuma in ji ina ƙyashinsu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar gado. Ba jahilci ke damuna ba, na zauna gaban malamai. Na san rubu'i ne nawa tunda ta bar 'ya'ya, mahaifiyarta tana da sudusi, sauran na yara ne, namiji rabon mata biyu. Ban da kayan ɗaki, akwai sarƙa da 'yan kunnenta na gwal da wani fili da ta saya da kuɗin adashi. Gwoggon tawa, wato surukata, ta haura tamanin, tana kwance. Ba ta taɓa tambaya ba, kunya ba za ta bar ta ba. Amma babbar 'yata ta same ni bayan sallar layya, ta durƙusa ta ce, "Baba, in Inna ta rasu ba a ba ta haƙƙinta ba, wa za a tambaya?" Ban iya ce mata komai ba. Autarmu ma mijinta ya samu karayar arziki, na san rabonta zai rufa mata asiri.

Ga kuma maganar aure. Abokaina na majalisa kullum tsiya suke min, wai namiji ba ya takaba, mace ma wata huɗu da kwana goma ne, ni na shekara biyar. Suna cewa sabo turken wawa. Yara sun nemo min wata bazawara mai hankali a unguwa, ba ni da abin kushe ta. Ina kuma bukatar mai kula da ni, ga ciwon suga, ga gwiwa, matan 'ya'yana ne ke karɓa-karɓar aiko min da abinci. To amma ɗakin da za a sa ta, shi ne wannan ɗakin.

Malam, ka taimake ni da amsa. Ina da zunubin jinkirin nan na shekara biyar, kuma ta yaya zan wanke kaina wurin magada? Ya halatta in ce a yi wa carbin da tabaran da adakar kuɗi a sa su cikin rubu'ina, ko son zuciya ne? Sannan in na auri baiwar Allahn nan alhali zuciyata tana Dandolo, ban cuce ta ba? Yara sun sa ranar rabo Asabar ta ƙarshen wata, sun ce za su zo da malamin da zai raba. Na amsa musu da to, amma mukullin yana nan a aljihuna.

Wassalam.

Naka,
Wani dattijo daga cikin Birnin Kano.