Tukunyar da muke ci, mu ma mu sa mata itace

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu harkar kwamfuta a Kaduna.

Ni ina koya wa yara rubuta manhaja a wani ɗan shago a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci, kwamfutocinmu duk tokumbo ne, wasu ram ɗinsu giga 2 ne kawai, Windows na yanzu ko tashi ba ya yi a kansu, shi ne na goge su kaf na sa musu Debian, wato ɗaya daga cikin tsarukan Linux, ba kuɗin lasisi ba satar manhaja. Layi ɗaya zan buga, in akwai wuta da data, sai ga harsunan rubuta manhaja Python da Rust, ga GCC mai juya abin da aka rubuta ya zama manhaja, sun sauko kyauta. Rannan wata yarinya 'yar aji 3 a ƙaramar sakandare ta ce min "Malam, wai wa yake biyan kuɗin wannan abun?" Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai har yau.

Mun san Guido van Rossum ne ya fitar da Python a Holan a 1991, shekarar da Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya saki Linux, GCC kuma Richard Stallman ya fitar da shi tun 1987. Amma masu wahalar yau da kullum ba a ma san sunansu ba, su ne ke ɗaukar sabon fitowar harshen su haɗa shi su gwada ko ya zauna daidai da sauran tsarin, in ya fasa wani abu su kwana suna gyara, da yawansu kuma 'yan sa kai ne, bayan sun taso daga aikinsu na neman abinci suke yi. Da aka daina kula da Python 2 a farkon 2020 su ne suka bi manhajoji ɗaya bayan ɗaya suna mayar da su Python 3. Ku tuna abin da ya faru da xz, wata manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita, a watan Maris na 2024, mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da shi har ya gaji, wani ya lallaɓo da sunan taimako ya dasa ƙofar ɓoye a ciki, Allah ne ya sa wani injiniya Andres Freund ya lura shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya gano.

Kuma abin ya zo har ƙofar shagona fa. Debian 13 da ya fito a 2025 ya daina fitar da cikakken tsari na tsofaffin kwamfutoci masu 32-bit, ni kuwa ina da irinsu guda 2 da yara ke layi a kansu. Ban ga laifinsu ba, abin da ba mai kula da shi dole wata rana a ajiye shi, mu da muke amfani da tsofaffin injinan nan ko rahoton matsala ɗaya ba mu taɓa turawa ba.

Don haka roƙona ga malamai a KASU da Kadpoly da ABU Zariya, ku bar ɗalibi ya yi aikinsa na ƙarshe ko SIWES, wato zaman koyon aiki na ɗalibai, da gyara a cikin irin waɗannan ayyukan, in ya gyara kuskure ɗaya aka karɓa, ko ya ɗauki fakitin manhaja ɗaya da ba mai kula da shi, a ba shi maki, ai ya fi a ɗaure takarda a jefa a kabad ta yi ƙura. Hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa NITDA da masu shirin gwamnati na horar da matasa fasaha, wato 3MTT, su ma su duba wannan. Attajiranmu kuma ba miliyoyi muke nema ba, sola da intanet a wuri ɗaya da matasa za su zauna ya isa a fara.

Sai maganar Hausa, wadda ita ta fi damuna. Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunaye, yarinyar nan da hannunta ta rubuta ƙidaya = 0 ya yi aiki, ta miƙe tana kiran ƙawayenta su zo su gani. Amma da kuskure ya fito sai Turanci zalla, bayanin koyon ma haka, nan take jikinta ya yi sanyi. Wannan aikin ba mutumin Helsinki zai yi mana ba.

Mu dai mun fara, duk Asabar bayan la'asar muna zama mu fassara shafukan farko na darasin Python, jiya ma mun kusa awa guda muna gardamar me za mu kira loop, wato umarnin da ke maimaita aiki, da Hausa yadda yaro zai gane, ba mu gama ba aka kira magariba. Na gode Malam Edita.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Tudun Wada, Kaduna.