Barka da Sallah daga Ohio, ga kuma amsar Auta

Columbus, Ohio
Juma'a, 6 ga Yuni, 2025

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kafin ka ci gaba da karatu, ka miƙa gaisuwata ga Baba da Inna, ka ce ina neman albarka. Mu ma yau muka yi idi, a wani babban zaure da aka kama haya. 'Yan Somaliya ne suka cika sahu, mu Hausawa ka iya ƙirga mu da yatsu. Babu hutun Sallah a nan, sai da na yi musayar aiki da wani, gobe da daddare zan rama masa. Layya kuwa a wata gona bayan gari, ka biya tun da wuri, a ba ka lamba, ka zauna jiran layi.

Auta ya dame ni da saƙon murya tun azumi, wai in faɗa masa waɗanne masu cafe ƙwallo ne suka cancanci shiga Zauren Gwanaye na ƙwallon Amurka. Na san ra'ayinka, ka ce wasa ne na ƙatti da suke ruguwa da gudu su faɗi, a busa usur, a sake. Ka yi haƙuri ka karanta masa, ko ka ba shi wayar.

Zauren yana Canton, tafiyar kamar awa biyu daga nan, an buɗe shi a 1963. Wanda aka zaɓa ana ba shi kwat mai ruwan zinare, a sassaƙa kansa da tagulla a jera. Sai ɗan wasa ya yi shekara biyar da ajiye wasa kafin a duba shi, kuma sai ya sami kashi 80 cikin 100 na ƙuri'un kwamitin, wanda yawancinsa 'yan jarida ne. Bana mutum huɗu kacal aka ɗauka. Mai cafe ɗaya ne a ciki, Sterling Sharpe na ƙungiyar Green Bay, wanda ciwon wuya ya tsayar da shi a 1994 bayan kaka bakwai. Za a sa masa kwat a Agusta. Ƙanensa Shannon ya riga shi tun 2011, kuma a ranar ya faɗa wa duniya cewa ko a gidansu shi ne na biyu a iya wasa. Na ji daɗin zaɓen, amma ya bar mutum uku a bakin ƙofa, kuma a kansu muka yi ta musu yau har nama ya huce.

Na farko a wurina Torry Holt ne, kuma ban ga dalilin da ake ta ja masa rai ba. Shekara shida a jere, daga 2000 zuwa 2005, bai taɓa yin ƙasa da yadi 1,300 a kaka ba, wato nisan da ya ci gaba a fili da ƙwallayen da ya cafe. Ya gama da cafewa 920 da yadi 13,382. A shekararsa ta farko ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, da ƙungiyarsa St. Louis Rams, har ya kai ƙwallo gida (ya ci maki ke nan) a wasan. Auta, nemi hoton hannunsa ka gani: ɗan yatsan tsakiya ya karkace gefe tun daga gaɓa, saboda yawan gocewa da mayarwa ana cikin wasa. Abin da ake riƙe masa shi ne wai ƙungiyar ta cika da gwanaye, kowa ma zai haskaka a cikinta. To ai Kurt Warner mai jifa ya shiga, Marshall Faulk ya shiga, Orlando Pace ya shiga, abokin cafensa Isaac Bruce ya shiga. Babu wanda aka ce masa abokanka sun yi yawa. Sai da aka zo kan Holt aka tuna da wannan hujja. Sau shida ke nan yana kaiwa zagayen ƙarshe ana mayar da shi. Bana har cikin bakwai na ƙarshe ya kai.

Na biyu Steve Smith, kuma gaskiya shi ne na fi so a raina. Tsayinsa ƙafa biyar da inci tara, a wasan da ake neman dogaye su miƙa hannu sama. Kai da ka san gidan dambe, ka tuna irin guntun ɗan damben nan da ake wa dariya in ya shigo fili, sai an ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Haka yake. Ya karye a ƙafa a wasan farko na 2004, ya rasa kakar gaba ɗaya. Da ya dawo a 2005 sai ya zama na ɗaya a yadi, 1,563, ya kuma yi kunnen doki a saman teburi a yawan cafewa da yawan kai ƙwallo gida. A wasan sili-ɗaya-ƙwale da Chicago a kakar nan, kowa a filin ya san shi za a jefa wa, amma ya cafe sau 12, yadi 218. Mai jefa masa a lokacin Jake Delhomme ne, mutumin kirki, amma ba wanda zai sa shi a sahun manya. Wannan ne ya sa nake ba yadinsa 14,731 nauyi fiye da na wasu. Yana da zafin kai, ya taɓa naushin abokin wasansa a wurin atisaye har aka dakatar da shi, kuma ina zargin 'yan kwamitin ba su manta ba. Sun yi wa Terrell Owens irin wannan, suka ajiye shi shekara biyu saboda hali duk da yadi 15,934. Da suka kira shi a 2018 ya ƙi zuwa Canton, ya tafi tsohuwar jami'arsa a Chattanooga ya yi bikinsa.

Reggie Wayne zai shiga, kuma ya kamata: cafewa 1,070, yadi 14,345, da kofi ɗaya da Indianapolis. Amma wanda Peyton Manning ya yi shekaru yana jefa masa, sannan Andrew Luck ya karɓa, zai iya ɗan jira bayan waɗancan biyu. Wani abokina ɗan Kumasi ya ce ai wannan ita ce hujjar da na hana a yi wa Holt. Na ce masa ban ce kada Wayne ya shiga ba, layi kawai na tsara. Bai gamsu ba.

Hines Ward na Pittsburgh kuma a nan na tsaya. Ya cafe 1,000 cif, shi ne gwarzon Super Bowl na 2006, kuma ba a yi mai cafe da ya kai shi tare abokan hamayya don buɗe wa abokansa hanya ba, har sai da aka sauya doka bayan ya karya wa wani muƙamuƙi a 2008. Sai dai ban tuna kakar da aka ce shi ne na ɗaya ko na biyu a duk gasar ba. Mutanen Pittsburgh za su ci ni ɗanye, amma ƙuri'ata ba tasa ba ce.

Matsalar ita ce layin ba ya raguwa. Baɗi Larry Fitzgerald zai cika shekarunsa biyar, da yadi 17,492, Jerry Rice kaɗai ke gabansa. Shi ba zai jira ba, kuma da wuya kwamitin ya ɗauki masu cafe biyu a shekara ɗaya. Ga shi wasan yanzu jifa ya yi yawa, kakar ma ta koma wasa 17 tun 2021, nan gaba kaɗan lambobin Holt za su zama kamar na kowa a idon yaran da ba su gan shi ba.

Saƙon da na turo ranar Talata, ka cire wa Inna nata daban, ka ba yara barka da Sallah, sauran a ƙara a kuɗin makarantar Auta. Ka ce masa in ya faɗi jarrabawa ba zan sake amsa masa tambayar ƙwallo ba. Na ji Inna na shirin ba wani mai tahowa soyayyen nama ya kawo mini. Don Allah ka hana ta, 'yan kwastan na nan ƙwacewa suke yi, har tara sukan ci mutum in bai bayyana ba. Yaji da kuka dai ina so.

A gaishe da Anti da yara, da su Kawu, da duk wanda ya tambaye ni.

Naka,
Ƙaninka