Wasiƙa daga Mani

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Fatakwal, ya haƙuri da ruwan sama? Mu nan damina ta yi albarka, gero har ya fara kai. Inna tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar gida ne.

Ran Asabar na kai 'yan ajina Durɓi ta Kusheyi. Ka tuna tsibin ƙasar nan da muke hawa muna yara in mun je wajen kawu, mu gangaro da gudu, wanduna duk ƙura? To, ashe a kan sarakuna muke ta tsalle. Kusheyin Durɓawa ne, gidan da ya riƙe Katsina tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda masu ba da tarihi ke cewa Muhammadu Korau ya kayar a kokawa, ya kashe shi, ya hau gado. Har gobe fadar Katsina Gidan Korau ake ce mata, su kuwa Durɓawa a wancan zamani sarautar Durɓi ta rage musu. Sarautar ke nan da muke ji a hawan salla ba mu taɓa tambayar asalin sunan ba.

Wani Bature, Palmer, ya fara tona wurin a 1907, zamanin Sarki Dikko. Amma tonon 1992 shi ya tsaya mini a rai. An samu 'yan kunne na zinariya, mundayen tagulla, hauren giwa, duwatsun wuya, har da wuri. Wuri fa, abin teku, a ƙauyen da ko tafki sai da damina! Sai da aka kai kayan Jamus aka gyara. Wani yaro ya tambaye ni ko akwai sauran zinariya a ƙasa, na ce ya rufa mini asiri kada ubansa ya zo da diga cikin dare.

Abin da ya ɓata mini rai, cikin yara arba'in uku kawai suka taɓa jin sunan Kumayau. Ni ma ban yi musu faɗa ba, don mu ma haka muka tashi.

In ka zo babbar salla ka taho da yaran, zan ari babur mu je. Kada ka manta manjan Inna.

Naka har kullum,
abokin ƙuruciyarka