Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin jirgin da ya ajiye kyanwa a ƙarƙashin kujerar mahaifiyata

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa. Sau biyu na aiko muku da ƙorafi ta imel, na kuma kai takarda da hannuna ofishin wakilinku a Duwala. Yau wata biyu ke nan shiru, shi ya sa na fito da maganar fili. Na sakaya sunanku domin gyara nake nema, kuma lambar tikitinmu tana cikin saƙonnin da ke hannunku.

Mahaifiyata shekararta 68, tana fama da asma tun kafin a haife ni. Duk wanda ya zauna a Garwa ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa mai asma, wannan mun saba da shi, mun san yadda muke lallaɓa ta. Kyanwa ce ba ta da dabararta. Ko gidan da ake kiwon kyanwa ta shiga, kafin a kawo mata ruwan sha ƙirjinta ya fara kuka.

Na raka ta Turai wajen ƙanwata da ta haihu. Ranar da na sayi tikiti kun tambaye ni ko tana buƙatar keken guragu, kun tambayi irin abincin da za ta ci, kun karɓi ƙarin kuɗi don in zaɓa mata kujerar bakin hanya. Babu inda aka ce mini za a iya samun dabba a cikin fasinjoji.

Kamar awa ɗaya da tashinmu daga Duwala, Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Babana, akwai mage a jirgin nan." Na ce mata a'a, gajiya ce. Da na leƙa, sai ga jaka mai raga a ƙarƙashin kujerarta, domin mai kyanwar tana bayanmu, kuma wurin ajiyarta shi ne ƙasan kujerar da ke gabanta. Da aka rage fitilu ma ta fito da ita ta ɗora a cinya.

Na kira ma'aikaciyarku. Ta ce jirgi ya cika, yarinyar tana da takardar likita cewa kyanwar ce ke kwantar mata da hankali, kuma iskar jirgi tacacciya ce. Wannan amsa ta ƙarshe ita ta fi ci mini rai, don da alama haka kuka koya musu. Abin da ke tayar da asma yana cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta. Tana lasar jikinta, ya bushe, ya tashi cikin iska kamar ƙura marar ganuwa, ya manne wa tufafi da kujeru. Ragar da aka yi wa jaka don dabba ta yi numfashi ta nan yake fita. Matatar jirgi kuwa iskar da ta isa wurinta take tacewa, alhali hancin tsohuwar da ke zaune a kan jakar ya riga ta. Ku ƙara da cewa a sama iskar cikin jirgi daidai take da ta kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wajen ninki biyu na tudun Ngaundare. Mai lafiya ba ya ji, mai asma kuwa da ma da ƙyar yake jan rabonsa.

Sau huɗu ta shaƙi maganinta. Sai da leɓɓanta suka fara sauya launi aka kawo kwalbar oksijin. Wani ɗalibi ɗan Marwa da ya ji muna Hausa shi ya taso ya ce, "Inna, zo ki zauna a wurina," ya koma namu. Allah ya saka masa da alheri. Aikin da ya yi naku ne.

Yarinyar ba ta da laifi a wurina. Ta biya kuɗi, kun yarda mata, kuma da ta ga halin da ake ciki har kuka ta yi tana ba mu haƙuri. Kada kuma wani ya ɗauka ƙyamar dabba ce ko batun najasa. Manzon Allah (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kare mai rai ba a ɗauke shi najasa ba. Ban kuma ce a riƙa jefa kowace dabba a ɗakin kaya ba. Wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin Garwa ko na Njamena a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba zai so a bar halitta mai rai cikin keji a kan kwalta tana jiran lodi ba. Karen da aka horar yana yi wa makaho ja-gora kuwa idon mai shi ne, dole ya zauna tare da shi.

Takardar kwantar da hankali ita ce matsalar, kuma Amurka, inda abin ya yi ƙamari, ta riga ta ɗanɗana. Mutane suka riƙa sayen irin waɗannan takardu ta intanet, har a 2018 wata ta zo da ɗawisu filin jirgin Newark, aka hana ta shiga da shi. A Disamban 2020 ma'aikatar sufurinsu ta sauya doka, daga Janairun 2021 kare mai horo kaɗai ake ɗauka dabbar hidima, sauran kuwa kamfani na da ikon ɗaukarsu dabbobin gida kawai. Ingila ta fi tsanani: in ban da karen taimako, dabbar da za ta shiga ƙasar a jirgin fasinja a matsayin kaya take isa. Ban san dalilin da ya sa ku har yanzu takarda ɗaya ta isa a fito da kyanwa daga jaka ba.

Kun san da kyanwar tun kafin mu shiga, don sai da kuka auna ta kuka rubuta lambar kujerarta. Ni ne kawai ba ku tambaya ba. Ku sa tambayar asma da rashin jituwa da dabba a wurin sayen tikiti, kusa da ta abinci. Ku ware wa masu dabba layuka a gefe ɗaya, ku sanar da duk wanda zai zauna kusa tun a wurin awon kaya, lokacin da sauya kujera bai zama roƙo ba. Dabbar da ba ta da horo ta zauna a jakarta har a sauka.

Ni na dawo bakin aiki, Hajiya tana can, kuma tikitin dawowarta naku ne, a wata mai kamawa, ita kaɗai, ba ta jin Faransanci. Duk wayar da muka yi sai ta tambaye ni ko za a sake sa mage. Ina son amsa a rubuce kafin ranar: wace kujera za ku ba ta, kuma wa za ta kira idan aka ajiye jaka a ƙarƙashinta.

Naku,
Wani fasinjanku daga Garwa