Ina aikin da baƙonku ya ce yana jiranmu?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an wuni lafiya.

Wallahi shirinku na lafiya na daren Talata ya ɓata min rai. Wai baƙon naku cewa yake iyaye su tura yara makarantar koyon aikin lafiya, duk wanda ya yi CHEW, wato karatun ma'aikacin lafiyar al'umma, aiki na jiransa, kuma mai gabatarwa ko ya tambaye shi a ina aikin yake, sai "haka ne, haka ne" kawai!

Ni shekara uku na yi ina difloma ta CHEW, Babanmu sai da ya sayar da masarar da ya noma ya biya min kuɗin indeksin, wato rajistar ɗalibi a hukuma, da na firaktikal, na zana jarabawar hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma na ci, na karɓi lasisi, yau ga ni 'yar sa-kai a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu ko sisi babu a ƙarshen wata. Ni ce awo, ni ce rigakafin yara, ni ce gwajin maleriya, in naƙuda ta tashi da tsakar dare ni ake buga wa ƙofa in je in karɓi haihuwa da fitilar waya. Sai lokacin foliyo muke ganin ɗan alawus, shi ma sai an yi ta bibiya. Mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa hannu a 2024 a rediyonku kawai muke jin sa.

Baƙon ya ce ai ana ƙaro karatu a zama CHO, wato jami'in lafiyar al'umma da ke gaba da CHEW, a asibitin koyarwa irin na Shika ko na Malam Aminu Kano. Eh ana yi, amma da wane kuɗi fisabilillahi? Wa zai ɗauki nauyin wadda ko takardar ɗaukar aiki ba ta da ita? Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ku gayyato masu riƙe da kuɗin su gaya mana me ya hana a ɗauke mu. Ga makarantun kuɗi nan kowace unguwa an buɗe, wasu ko izini ba su da shi, yaro ya gama a ce ba zai zauna jarabawa ba, ƙarshenta ya buɗe kemis yana tsira wa mutane allura.

Sannan don Allah ku daina sa tallar mai maganin gargajiyar nan ana gama shirin lafiya. Kwalba ɗaya wai tana maganin suga da hawan jini da basir, mutane suna ajiye ƙwayoyinsu saboda shi, mu ake kawo wa su ranga-ranga.

Taku mai sauraro, daga ƙauye.